RA'AYINMU: Daga Samaru Zuwa Kakuri, Ina Igiyar Ta Tsinke?

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya tashi daga Samaru ta Zariya ya nufi Kakuri ta Kaduna ba zai yi tafiyar sa'o'i biyu a mota ba. A Samaru zai baro Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyinta, inda shehunan malamai suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan binciken auduga da dawa da wake da fata. A Kakuri kuwa zai tarar da kangwayen masaƙu, ƙofofi a garƙame, ciyawa ta rufe harabar da a da dubban ma'aikata ke tururuwa a cikinta safe da yamma. Idan ya juya ya nufi Kano ya shiga Kantin Kwari, zai ga dilolin atamfa da shadda da yadi jibge har rufi, amma zai sha wuya kafin a nuna masa turmi guda da aka saƙa da audugar Funtuwa ko ta Gusau. Ga masu ilimi, ga masu dukiya, ga kasuwa, ga kuma miliyoyin matasa zaune ba aikin yi. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da muke son mu tsaya a kansa a wannan wata shi ne dalilin wannan rabuwa. Sau da yawa idan aka tayar da zancen sai wasu su ce ai jami'o'inmu ba sa binciken komai, wasu kuma su ce laifin gwamnati ne da ba ta ba da kuɗi. Kowace magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma babu wadda ta kai ga gindin ciwon. A fahimtarmu, babbar matsalar ita ce babu wanda ya ɗauki nauyin tafiyar da ke tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta. Malami yana ganin aikinsa ya ƙare ranar da ya wallafa takarda. Attajiri yana ganin nasa aikin bai fara ba sai ya ga kaya a kasuwa. A tsakanin waɗannan biyu akwai dogon daji, a nan ne wahalar malamanmu take mutuwa.

Domin kada a ce muna faɗar abin da ba a taɓa yi ba, bari mu koma kan auduga, don kuwa a kanta ƙasar nan ta taɓa ƙulla wannan igiya tun daga gona har zuwa shagon tela.

An buɗe tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, sannan aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. Masu bincike a can sukan yi shekaru suna tace irin auduga, suna zaɓen wanda ya fi jure ciwo, ya fi yabanya, ya fi tsawon sili. Idan suka tabbatar da iri, ba a kan tebur yake tsayawa ba. Akan kai shi gonar yaɗa iri ta Daudawa a riɓanya shi, daga nan a raba wa manoman da ke kewaye, shekara ta zagayo a ƙara faɗaɗa da'irar, har irin ya game ƙasa. A fuloti akan tantance audugar manomi, a ware lamba ɗaya da lamba biyu. A gidajen gurza na Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau akan keɓe anguryar shuka kada ta cakuɗe da wata, a yi mata magani, a mayar wa manoma kyauta kafin damina. Ita kuma audugar da aka gurje ta wuce masaƙa. Masaƙar Kaduna ta farko ta soma aiki a 1957, a zamanin Sardauna, wasu suka biyo bayanta a shekarun 1960, har Kaduna ta zama birnin masaƙu, Nijeriya kuma ta kai tana da manyan masaƙu fiye da 100.

Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibi ba. Turawan mulkin mallaka sun ƙulla shi ne da farko domin ciyar da masaƙun Ingila, kuma hukumar sayen auduga ta daɗe tana danne manomi da farashin da bai kai guminsa ba. Amma akwai abu ɗaya da ba za a ƙwace masa ba: an san wanda ke da alhakin kowace gaɓa. Mai masaƙa in ya ga zare yana tsinkewa ya san inda zai kai kuka, mai bincike kuma ya san wanda yake yi wa aiki.

A 1986, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ba tare da ta kafa wani abu da zai gaji aikin riɓanya iri da tantance kaya ba. Nan da nan iri ya cakuɗe, manomi ya koma shuka duk anguryar da ta zo hannunsa, yabanya ta ragu. Aka shiga zuba auduga a buhunan leda, zaren leda ya riƙa shiga cikinta, shi kuwa ba ya kama rini, sai ya ɓata yadi. Samaru ba ta daina aiki ba, ta ci gaba da fitar da ire-iren da ake kira SAMCOT ɗaya bayan ɗaya, amma rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Da aka haɗa wannan da rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da faɗuwar Naira, da ambaliyar yadin fasa-ƙwauri, sai masaƙun suka riƙa faɗuwa. Masaƙar farko ta Kaduna ta rufe a 2002, babbarsu UNTL ta rufe a 2007. Gidaje nawa suka watse, yara nawa aka ciro daga makaranta, magidanta nawa baƙin ciki ya kwantar suna jiran haƙƙinsu, mutanen Kakuri da Makera su ne shaida.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Bincike ba ya tafiya da ƙafarsa. Dole a sami mai ɗaukarsa, mai biyan kuɗin ɗaukar, da mai jiran isowarsa.

Akwai wani misali mai ɗaci da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. A 1988 gwamnati ta hana shigo da sha'ir ɗin da kamfanonin giya da na lemon malt suke dogara da shi. Me masu waɗannan kamfanoni suka yi? Ba su nannaɗe hannu ba. Sun nemi masu bincike, sun zuba kuɗi a gwaje-gwaje, sun sauya injuna, sun rungumi ire-iren dawa irin su gajeriyar kaura SK5912 wadda Samaru ta fitar, sun kuma shirya yadda manoma za su noma musu ita. Wato mutanen da muke ƙyamar sana'arsu sun fi mu sanin darajar abin da ke bayan gidanmu. Dawar nan kuwa ana iya sarrafa ta a yi garin burodi da biskit da abincin yara da sukarin ruwa da abincin kaji. Ina attajiranmu suke a lokacin? Mafi yawa suna layin neman lasisin shigo da kaya.

Haka labarin yake ta wasu fuskoki. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta yi shekaru tana aiki kafin ta fitar da kazar ƙwai mai jure zafin ƙasarmu wadda ake kira Shika Brown, amma har yau manyan gidajen ƙyanƙyasa sun fi dogara da iyayen kajin da ake shigowa da su daga Turai. A Samaru akwai cibiyar fasahar fata wadda asalinta ya koma 1964, ga kuma majemun zamani a Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga jar akuyar Sakkwato wadda duniya ta san ingancin fatarta, amma mafi yawan fatar fita take yi zuwa Italiya da Sifen, ta dawo mana takalmi da jaka da ninkin kuɗi.

Sai kuma labarin maganin sikila, wanda ya isa a karantar da shi a kowace jami'a. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki wani haɗin gargajiya wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta tace shi, ta gwada shi a kan marasa lafiya, ta sa masa suna Niprisan, har ta yi rajistar mallakarsa a Amurka a 1998. Da aka zo batun sarrafa shi da yawa, sai lasisin ya tafi ga wani kamfanin Amurka a 2002. An ƙaddamar da maganin a 2006, kamfanin ya karye a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa. Sai a 2018 aka sake ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin cikin gida. Masu bincike sun sauke nauyinsu, amma iyaye sun yi shekaru suna kwana a asibiti da yara masu kuka saboda an rasa mai riƙe ɗaya bakin igiyar da ƙarfi.

To mene ne a cikin dajin nan da ke tsakani, har yake cinye ƙoƙarin mutane haka? Abu uku muke gani.

Na ɗaya, gwaji a ɗaki daban, sarrafawa a masana'anta daban. Abin da ya yi kyau a kwalbar lita guda ba lallai ya yi kyau a tukunyar tan goma ba, domin zafi ba ya ratsa su daidai, kuma ɗanyen kayan kasuwa ba su da tsabtar na ɗakin gwaji. Injin da aka ƙera guda ɗaya don a nuna wa baƙi ranar bikin yaye ɗalibai bai zama kayan sayarwa ba, sai an gwada shi wata da watanni a hannun manomi, an ga inda yake karyewa, an san kuɗin ƙera guda 1,000, an tanadi kayan gyaransa, an koya wa makanikin ƙauye kwance shi. Wannan mataki yana bukatar ƙaramar masana'antar gwaji, kuma sau da yawa ya fi binciken kansa cin kuɗi. Jami'a ba ta da kasonsa, ɗan kasuwa kuma yana tsoronsa.

Na biyu, ma'aunin da ake auna malamin jami'a da shi. Ƙarin girma yana rataye ne a kan yawan takardun da ya wallafa, musamman a mujallun ƙasashen waje. Malamin da ya yi shekara uku yana kai da komo tsakanin ɗakin gwaji da majema don ya rage dafin ruwan da ake zubarwa a kogin Challawa zai tarar abokan aikinsa sun wuce shi. Wa zai zarge shi idan ya zaɓi rubutu? Shi ya sa kantocin ɗakunan karatu suka cika da kundayen digiri na biyu da na uku, ƙura ta lulluɓe su, ba mai buɗewa sai ɗalibin da ke neman abin kwafa. A ƙara da yajin aiki, wanda ya ci kusan wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022. Shuka ba ta san yaji ba, dabbar gwaji ba ta san shi ba, kamfanin da ya ba da aiki kuma ba zai jira ba.

Na uku, irin kuɗin da ke yawo a ƙasar nan. Dukiyarmu ta saba da saye da sayarwa: a sari kwantena yau, a karɓi riba bayan wata uku. Bankuna kuwa bashin ruwa suke bayarwa, kuma a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari. Ban da haramcinsa, bashin ruwa bai dace da ƙirƙira ba ko ta fuskar hankali, domin yana neman a fara biya ran da aka sa, alhali sabon abu yakan ɗauki shekara biyar ko bakwai kafin ya kawo kwabo, wani ma ba zai kawo ba sam.

Ƙasashen da suka ci gaba ba sihiri suka yi ba, waɗannan gaɓoɓi uku suka gyara da gangan. Amurka ta kafa jami'o'in noma da sana'a da dokar 1862, ta haɗa musu tashoshin gwaji a 1887, ta ƙara musu malaman gona a 1914, a kan wannan tsari ne ma aka gina tsangayar aikin gona ta Zariya da taimakon jami'ar jihar Kansas. A 1980 kuma ta yi dokar da ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, su ba kamfanoni lasisi, a yanka wa malamin da ya yi aikin rabonsa. Jamus ta kafa ƙungiyar cibiyoyin Fraunhofer a 1949, wadda gwamnati ke ba ta wajen sulusin kuɗinta kawai, sauran sai ta nemo da aikin kwangilar bincike, saboda haka shugaban cibiya ba ya iya zama a ofis, dole ya bi masana'antu yana tambayar abin da ke damunsu. Koriya ta Kudu, wadda take cikin matalautan ƙasashe a farkon shekarun 1960, ta kafa cibiyar kimiyya da fasaha a 1966 musamman don yi wa masana'antu aiki, yau tana kashe wajen kashi 5 cikin ɗari na arzikinta a kan bincike, kuma mafi yawan kuɗin daga aljihun kamfanoni yake fitowa. Ƙasashen Afirka kuwa sun yi alkawarin kashi 1 tun a taron Legas na 1980, Nijeriya ba ta kai ko rabinsa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Malesiya. A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a manja a duniya, kuma tana da cibiyar binciken kwakwar manja kusa da Binin tun 1939. Malesiya ta kafa tata cibiyar a 1979, amma ta ɗora kuɗin tafiyar da ita a kan wani ɗan haraji da ake cira daga kowane tan na manjan da aka sarrafa. Da yake masu masana'anta ne ke biya, su ne kuma ke zama a majalisar cibiyar suna faɗin abin da za a bincika. A 1981 suka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, maƙwabciyarmu, wanda ke yi wa kwakwa barbara, ya hutar da su yin barbarar da hannu, amfanin gona ya ƙaru. Yau Nijeriya sayen manja take yi daga waje.

Kada kuma a ɗauka sai da biliyoyi ake wannan aiki. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan Jigawa don rashin lantarki. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi, sai ga yalon da ke lalacewa a kwana 3 yana kai kwana 27. Hikimar ba sabuwa ba ce, kakanninmu sun san sanyin randa. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tsaya a takarda ba. Ya ɗauki albashinsa ya sa maginan tukwane suka gina masa dubbai, ya bi ƙauyuka yana nunawa, har duniya ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Mutum ɗaya ya ratsa dajin da ƙafarsa. Haka nan waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda Samaru ta fitar a 2019, ko da yake ana muhawara a kan ire-iren da aka sauya wa halitta, ya isa hannun manoma ne saboda an ba kamfanonin iri na cikin gida aikin riɓanya shi da sayarwa.

Ya ku 'yan'uwa, wannan batu ba na 'yan boko kaɗai ba ne. Malamanmu na da, cikinsu har da Imam al-Ghazali, sun lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai tsayuwa da su gaba ɗayanta ta yi laifi. Al'ummar da ba ta iya saƙa likkafanin mamatanta ba, ba ta iya haɗa maganin 'ya'yanta ba, to ba ta da bakin yin magana a gaban wanda ke tufatar da ita yana ba ta magani. Kuma zaman banza da ya yi wa matasanmu katutu, da shaye-shaye da daba da ke biyo bayansa, ba za a kawar da su da nasiha kaɗai ba, sai an buɗe wuraren da za su tashi da safe su tafi. Saboda haka muke kira da babbar murya ga ɓangarori huɗu.

Kira na farko ga attajiranmu. Allah Ya hore muku, kuma ba a san ku da rowa ba wajen gina masallatai da ciyarwa da azumi. Muna roƙon ku ku ware wani kaso na jarinku, wanda ba zai karya ku ba idan ya salwanta, ku shiga tarayya da masu ƙirƙira bisa ƙa'idar musharaka ko mudaraba, a ci riba tare a ɗauki asara tare. Wannan shi ne irin kuɗin da sabon abu yake bukata, kuma fiƙihunmu ya tsara shi tun da daɗewa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012, su ma su rage dogaro da cinikin gajeren zango su gwada wannan fage. Waƙafi kuma bai taƙaita ga rijiya da maƙabarta ba. Da waƙafi aka riƙe Azhar da Ƙairawiyyin ƙarnoni, kuma a Turkiyya attajirai sun kafa jami'o'i a kansa tun daga Bilkent a 1984. Me zai hana mutum goma a Kano su tsayar da waƙafin ƙaramar masana'antar gwajin fata ko ta sarrafa tumatir?

Kira na biyu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a: masu gurza, majema, masu casar shinkafa, masu matsar mai, maƙera da masu walda. Ku yi koyi da Malesiya. Ku yanka wa kanku ɗan abin da ba zai yi ciwo ba a kan kowane buhu ko kowane dila, ku tara shi a asusun da ku ne za ku riƙe, ku rubuta matsalolinku guda biyar da suka fi ci muku tuwo a ƙwarya, ku kai wa jami'ar da ke kusa da ku, ku ce ga kuɗi ga aiki ga wa'adi. Mai biya shi ke da ta cewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kasuwa guda tana iyawa.

Kira na uku ga jami'o'i da malamansu. A sauya ma'aunin ƙarin girma, a lissafa wa malami irin da manoma suka karɓa, da injin da ya shiga kasuwa, da matsalar masana'anta da ya warware, kamar yadda ake lissafa masa takarda. A rubuta a fili rabon da mai ƙirƙira zai samu, don kada ya ɓoye abinsa saboda tsoron a cinye masa gumi. Ofisoshin miƙa fasaha da hukumar NOTAP ta fara buɗewa a jami'o'i tun 2006 a sa musu mutanen da suka san kasuwa, kada su zama allon suna a bakin ƙofa. A riƙa ɗauko batutuwan kundayen ɗalibai daga bakin manomi da maƙeri, kuma a wajabta wa kowane ɗalibi ya taƙaita sakamakonsa a shafi biyu da Hausa ko harshen mutanen wurin, domin Alhajin da ake so ya zuba jari ba zai karanta shafi 300 na Turanci ba. Sannan malami ya sauke girman kai ya shiga kasuwa. Akwai ilimi a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Wambai wanda babu shi a littafi.

Kira na huɗu ga mahukunta. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda aka kafa da harajin kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993 sakamakon gwagwarmayar malaman jami'a, ya gina azuzuwa da yawa, kuma mun yaba. Yanzu lokaci ya yi da za a keɓe kaso bayyananne don matakin gwaji, a kuma sa sharaɗin cewa ba za a saki kuɗin ba sai wani kamfani ya zuba nasa, domin wanda ya sa kuɗinsa ba ya barci. A sake duba dokar rajistar ƙirƙira da aka yi tun 1970. A mayar da aikin riɓanya iri da tantance auduga hannun wata hukuma da za a iya tuhuma. Gwamnati kuma ita ce babbar mai saye a ƙasa: kakin soja da na 'yan sanda, takalmansu, zannuwan asibitoci, abincin ɗalibai. Idan ta tsaya a kan sayen na gida, ba da baki kawai ba, ta ba masana'anta dalilin neman mai bincike. A ƙarshe a bar sauya manufa kowace shekara, yau a hana shigo da kaya gobe a buɗe, domin babu mai dasa itace a ƙasar da bai san ko gobe za a kore shi ba.

Mu ma a namu ɓangaren akwai abin da ya hau kanmu. A cikin masu karanta wannan mujalla akwai malaman jami'a, akwai injiniyoyi da likitoci, akwai 'yan kasuwa da masu sana'a, suna haɗuwa a sahu ɗaya sau biyar a rana, amma wani bai taɓa tambayar ɗan'uwansa abin da yake bincike a kai ba, shi ma wancan bai taɓa tambayar wannan abin da ke hana injinsa aiki ba. Muna ba rassanmu shawara, musamman na garuruwan da ke da jami'a ko kwalejin fasaha, su shirya zama ko sau ɗaya a wata uku, a kawo mai bincike ya yi bayani da harshen da kowa zai gane, a kawo mai sana'a ya faɗi damuwarsa, a tashi da magana ɗaya da za a bi. Abin da ya fito daga irin wannan zama a aiko mana, za mu buga.

Masaƙun Kakuri ba za su tashi da kuka ba, kuma wataƙila wasunsu ba za su sake tashi ba har abada. Amma auduga tana nan tana fitowa a Funtuwa, masu bincike suna nan a Samaru, masu jari suna nan a Kwari. Abin da ya rage shi ne mai ƙulla igiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a dukiyoyinmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.